Motarka Na Yoyon Baƙin Mai? Ga Yadda Ake Gano Wurin Da Yadda Ake Gyara Shi

Da wuya mako ya wuce wani ɗan uwa bai tare ni da wannan tambayar ba, ko a ƙofar masallaci a Agege, ko ta waya daga Mile 12 ko Idi-Araba: "Malam, motata duk inda ta kwana sai ta bar tabon baƙin mai. Makaniki ya ce sai an sauke giyabos. In ba shi?" Amsata ba ta canzawa: kada ka bari a kwance ko noti ɗaya sai an wanke injin, an ga inda man yake fitowa da ido. Baƙin mai gangarowa yake yi, in mota na gudu kuma iska ta kora shi baya, ya bi jikin inji ya je ya taru wani wuri daban kafin ya ɗiga. Shi ya sa inda ka ga ɗigo da wuya a ce nan ɓarakar take.

Tunda tambayar ta yi yawa, ga aikin daga farko har ƙarshe. Na gina bayanin a kan ƙananan motocin fetur da muka fi hawa a nan Ikko, irin su Corolla, Camry, Accord da Sienna, yawancinsu tokumbo, wato na hannu daga ƙasashen waje, da suka sha tafiya tun kafin su sauka a Apapa. Batun kuɗi kuwa, tun da aka saki naira a 2023 farashin kayan mota yake bin dala, na yau daban na gobe daban, saboda haka zan riƙa auna maka tsadar kowane gyara da kuɗin galan ɗin baƙin mai mai kyau, irin wanda kake saye lokacin juye, wato canjin mai.

Kayan da za ka tanada

Kwali mai faɗi marar datti, tocila mai haske sosai, tsummoki, tsohon burushi, kananzir da omo ko ruwan wanke inji na kwalba, ledoji, hodar jarirai, jak da kujerun ƙarfe biyu na tokare mota, sifana da soket masu lamba 10, 12, 14 da 17, sai lita ɗaya ta irin man da ke cikin injinka.

Mataki na 1: Tabbatar baƙin mai ne

Ajiye motar a wuri mai daidaito da daddare, ka shimfiɗa kwalin a ƙarƙashin inji, ka ɗora dutse a gefensa don kada iska ta ja shi. Yi alama a jikin kwalin inda tayoyin gaba suke, domin da safe ka san ɗigon ta wane ɓangare ya sauko.

Da safe ka dangwala yatsa, ka murza, ka shinshina. Baƙin mai ruwan zuma ne in sabo ne, baƙi in ya tsufa, yana da santsi da kauri. Man giya na mota otomatik yawanci ja ne ko ja mai duhu, bai kai baƙin mai kauri ba, kuma ta ɓangaren giyabos yake sauka. Man sitiyari shi ma ja ne ko ruwan ƙasa-ƙasa. Ruwan lagireto kore ne ko ruwan hoda, yana da ɗan ƙanshi mai zaƙi. In kuwa ruwa ne fari tas, babu santsi babu wari, a ɓangaren kujerar mai zaman banza, wannan ruwan esi ne, lafiya lau, a Legas kowace mota mai sanyi tana zubar da shi.

Hattara: in abin da ka gani mai ne garai-garai mai ɗan rawaya, kusa da taya ko ƙarƙashin inda burki yake, man burki ne. Kada motar ta motsa daga nan sai an gyara.

Mataki na 2: Duba geji, ka san girman matsalar

Inji a kashe, an ba shi aƙalla minti goma man ya koma ƙasa, mota ba a kan gangara ba. Zaro geji, wato sandar awon mai da ke jikin inji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa ka karanta. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin alamar ƙasa da ta sama lita ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi, injin kuma gaba ɗaya lita huɗu da 'yan kai yake ci. Cika shi zuwa alamar sama, ka rubuta lambar kilomita, ka riƙa dubawa kowace safiya na kwana uku.

Yoyo hawa uku ne. Akwai naso, inda jikin inji ke jiƙe ya kama ƙura amma babu ɗigo. Wannan zai iya jira ka shirya. Akwai ɗigo, inda kwali ke kwana da tabo. A gyara cikin mako. Sai kuma zuba, inda kana tayar da inji kana ganin mai na tsiyaya. Wannan mota ba ta hawa titi, janwe za a nemo ko makaniki ya zo inda take.

In man yana raguwa amma kwali a bushe, injin ma a bushe, to ba yoyo ba ne, ƙonewa yake. Sa wani ya taka totur kana baya, ka duba ko salansa na fitar da hayaƙi shuɗi. Camry mai injin 2.4 ta wajen 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, ta yi suna wajen shan mai ta zoben fistin, kuma ba gasket ne maganinta ba. Haka nan in ka ga man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, wannan wata magana ce daban.

Hattara: jar fitilar mai da ke kan dashbod ba tana nufin mai ya ɗan ragu ba. In ta kama kana tafiya, man ya daina kaiwa inda ya kamata da ƙarfi. Ka gangara gefe ka kashe inji nan take, ko da a tsakiyar gadar Third Mainland ne mai tsawon kusan kilomita 12. Na san fargabar tsayawa a wurin, da tunanin LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, da kuɗin janwe, amma wanda ya ce bari in lallaɓa in ƙarasa Oworonshoki, da injin da ya buga yake ƙarasawa, kuma kuɗin sabon inji ya ninka na janwe nesa ba kusa ba.

Mataki na 3: Wanke injin

Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, kuma daga nan asara take farawa. Injin da ya yi wata shida yana yoyo, ko'ina a jikinsa baƙi ƙirin yake, babu gwanin da zai kalle shi ya ce ga wurin. In ya faɗa, canka ya yi.

Bari inji ya huce. In akwai murfin roba a ƙasan injin, kwance shi ka ajiye gefe, don yana tara mai ya zubar da shi ta wani gefen ya ruɗa ka. Rufe altaneta, akwatin fiyus, kan batir, bakin shaƙar iska da koyil-koyil ɗin fulogi da leda. Shafa kananzir ko ruwan wanke inji da burushi tun daga sama har ƙasa, har bayan injin da ke kallon direba, ka ba shi minti goma, ka wanke da ruwan omo, ka ɗauraye da ruwa kaɗan-kaɗan. Cire ledojin, ka bar shi ya bushe sarai.

Hattara: kada a wanke da fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma in wurin wankin mota ka kai, ka tsaya a kansu. Yaran suna son harba ruwan injin feshi ko'ina, ruwan ya shiga ramin fulogi da mahaɗar wayoyi, ka shigo da yoyon mai ka fita da mota mai shessheƙa. Ka ce wa yaron, "Ɗan uwa, ƙasan kawai za ka fesa, saman bar mini da hannu."

Mataki na 4: Bi sawun man daga sama zuwa ƙasa

Tayar da injin ka bar shi yana aiki minti goma sha biyar kana haskawa da tocila. In ba ka ga komai ba, zaga unguwa na minti goma, ka dawo ka kashe ka sake dubawa, domin wani yoyon sai mai ya yi zafi ya tsinke yake nunawa. In har yanzu shiru, barbaɗa hodar jarirai a wuraren da kake zargi, ka yi zirga-zirgar yini guda. Mai zai ja baƙin layi a kan farar hodar, ka bi layin zuwa sama har inda ya tsaya. Wuri mafi tsayi da ya jiƙe, nan ne tushen. Wasu garejin suna da wani rini da ake zubawa cikin mai ya riƙa ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman; in akwai, yana rage wahala.

Ga jerin yadda za ka duba, kada ka fara ta ƙasa.

Murfin zuba mai: ko bai rufu daidai ba, ko robarsa ta bushe.

Murfin saman inji, wanda makanikai ke kira tof koba: bi gefensa kewaye da yatsa, musamman kusurwoyi da bayan da ba a gani. A tsofaffin motocinmu nan ne aka fi samun laifin, domin robar gasket ɗin tana shan zafi shekara da shekaru, ga cunkoson Apapa da Ikorodu Road inda inji ke dahuwa a tsaye awa biyu babu iska, har ta ƙandare kamar busasshiyar ganda. Alamarsa warin ƙonewar mai a cikin mota in ka tsaya, saboda yana ɗiga kan bututun salansa. Zaro koyil ɗaya ka leƙa ramin fulogi. In akwai mai a ciki, gasket ɗin ne.

Oyil suwic: ɗan ƙaramin abu mai waya ɗaya da aka ɗaura a jikin inji, shi ke kunna jar fitilar mai. Cire wayar, in ka ga mai a cikin mahaɗar, ya fashe.

Filta: shafa hannu kewaye da bakinta.

Gefen fanbel: in mai ya fantsama kewaye kamar an yi feshi, sil ɗin gaban karanshaf ne da ke bayan babban fuli, wato zoben robar da ke tare mai a wurin, ko murfin taimin. A Corolla mai injin 1.8 na 1ZZ, irin ta 2003 zuwa 2008, akwai ɗan zoben roba a jikin abin da ke ɗame sarƙar taimin, ta bayan inji, wanda ya saba yoyo. Noti biyu ne kacal ke riƙe da shi, amma sau da yawa ana ɗora laifinsa a kan murfin taimin gaba ɗaya. A Honda kuma ka duba gasket ɗin bawul ɗin VTEC, wato na'urar da ke sarrafa buɗewar bawul-bawul ɗin inji da ƙarfin mai. Masu Toyota da Lexus V6 mai injin 3.5 na wajen 2007 zuwa 2010, irin su Camry, Sienna da ES350, su duba bututun man da ke gefen inji: na farko yana da guntun roba a tsakiya da kan fashe ya zubar da man cikin 'yan mintuna, daga baya kamfanin ya fito da na ƙarfe zalla. In naka mai roba ne, canza shi ko bai fara yoyo ba.

Sai a ƙarshe ka sauka ƙasa: notin juye, kwanon mai da ake kira botom filet, da mahaɗar inji da giyabos.

A wannan mahaɗar ta ƙarshe ake shafa wa sil ɗin baya kashin kaji. Abin ya faru da ni a kan wata Camry da ƙanena yake haya da ita. A wani gareji aka leƙa ƙasa aka ga mai na ɗiga daga bakin giyabos, aka ce sil ɗin baya ne. Aka sauke giyabos, aka canza sil, mota ta kwana biyu ba ta nemo ko sisi ba, muka biya. Kwana na uku tabo ya dawo daidai inda yake. Na wanke injin da hannuna, na barbaɗa hoda, washegari da yamma na kwanta da tocila na bi layin da yatsa: ya haura ta bayan inji, ya wuce sitata, ya je ya tsaya a kusurwar tof koba, inda robar ta tsage tsawon farce. Gyaran bai ci awa biyu ba. Har yau in na tuna fuskar yaron nan ranar da ya ga tabon ya dawo, bayan ya ranto kuɗin aikin, raina yana ɓaci.

Hattara: kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka ɗora kan bulon siminti. Kujerun ƙarfe, ƙasa mai tauri, burkin hannu a ja, dutse a bayan taya. In inji na aiki, ka naɗe hannun riga, ka nisanci fanka da fanbel. Fankar lagireto tana tashi da kanta ba sallama.

Mataki na 5: Duba numfashin inji kafin ka sayi komai

Akwai ɗan bawul a jikin tof koba da ake kira PCV, aikinsa fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji. In ya toshe, iskar ta rasa hanya, sai ta riƙa tura mai ta kowane sil da gasket. Alamar ita ce yoyo ta wurare biyu ko uku lokaci guda, ko sabon gasket ya sake zuba bayan wata ɗaya. Ciro shi ka girgiza: mai lafiya yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. In shiru, wanke shi ko ka canza, ba shi da tsada, ka kuma duba tiyonsa ko ya toshe.

Mai da ya wuce geji shi ma haka yake yi. Wasu masu juye suna juye galan mai lita biyar gaba ɗaya a injin da ke cin huɗu da kaɗan, wai kada a yi asarar saura. Rage shi ya dawo kan alama.

Mataki na 6: Sayen kaya

Ladipo a Mushin, Owode Onirin da ke gaba da Mile 12, da kasuwar ASPAMDA a Trade Fair kan hanyar Badagry, duk za ka samu. Tafi da lambar cesis ɗin motar da lambar injin, in da hali da tsohon abin a leda. Shekarar mota kaɗai ba ta isa ba, domin motoci da yawa a garin nan an riga an canza musu inji.

Gasket, sil, washa da oyil suwic ba a sayen na tokumbo. Roba ce, ta riga ta tsufa a can. Sabo za ka saya, kuma sabon ma hawa-hawa ne. Tambayi mai shago kai tsaye: "Oga, nuna mini mai kyau da mai araha in gani." Lanƙwasa robar, ta kirki tana da laushi, tana komawa yadda take, gefenta sumul. Ta banza tana da tauri da ƙyalli kamar leda. Taya a shago uku kafin ka biya, ka kuma yi hankali da 'yan kamasho da ke tarar mutum tun daga bakin kasuwa, kuɗinsu a kanka yake hawa.

A lissafi, washar notin juye ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba. Oyil suwic da bawul ɗin PCV kowannensu bai kai rabin galan ba. Gasket ɗin tof koba mai kyau na injin silinda huɗu yawanci ƙasa da galan ɗaya yake. Sil ɗin baya shi kansa ba tsada, kuɗin aikinsa ne ke ninka shi sau da yawa.

Ka riƙe bambancin sunan nan da kyau: gasket ɗin tof koba daban, tof gasket daban. Na biyun shi ne na tsakanin kan silinda da gangar inji, aikinsa babba ne. Kada a ce maka "tof gasket" ka amsa ba tare da an nuna maka wanne ake nufi ba.

Mataki na 7: Ƙananan gyare-gyare

In yoyon ya fara ne bayan juye, filta da noti za ka fara tuhuma. Kwance filtar ka duba ko robar tsohuwar ta manne a jikin inji aka ɗaura sabuwa a kai. Roba biyu ba sa riƙe mai. Goge wurin, shafa ɗan mai a robar sabuwar, murɗa da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Da hannu kawai.

Notin juye, lamba 14 a yawancin Toyota, 17 a Honda, yana da washa da ake so a canza duk juye, amma a nan sai ta shekara biyar ba a canza ta ba. Tara man a roba mai tsabta, sa sabuwar washa, fara ɗaura notin da yatsu har ya zauna, sannan sifana. Ƙarfin ɗaurinsa wajen 40 Nm ne, wato ƙarfin hannu ɗaya da sifana madaidaiciya.

Hattara: in ka ga yaron gareji ya zura bututu a sifana zai taka da ƙafa, tsayar da shi. Haka ake cinye zaren kwanon, daga nan a koma naɗa zare da farin tef ana cusawa, wata rana notin ya faɗi a kan hanyar Ibadan. In zaren ya riga ya lalace, a sake yanka shi a sa noti mai girma kaɗan, ko a canza kwanon.

Oyil suwic kuwa, cire waya, kwance da soket mai zurfi, ɗaura sabo a hankali. Jikin da yake shiga alminiyom ne, in ka matsa da yawa zai tsage, garin gyaran gira a rasa ido.

Mataki na 8: Canza gasket ɗin tof koba

A injin silinda huɗu, mai haƙuri zai iya yi a gida cikin awa biyu. A V6 murfin baya yana ƙarƙashin bututun shaƙar iska, wannan kai wa makaniki.

Inji ya huce sarai. Cire wayar batir ta baƙi. Ɗauki hoton saman injin da waya kafin ka taɓa komai. Cire koyil-koyil ka jera su bi da bi, cire tiyon PCV da duk wayar da ta hau kan murfin. Goge ƙasa da yashin da ke gefe tukuna, don kada su faɗa ciki. Kwance notocin, yawanci lamba 10 ne, ka lura da wanda ya fi wani tsawo da inda ya fito. In murfin ya manne, bubbuga shi da tafin hannu ko gudumar roba.

Hattara: kada ka cusa sukudireba tsakanin murfi da inji ka ɓanɓare. Ƙarzanen da za ta bari a alminiyom zai zama hanyar mai ta dindindin.

Cire tsohon gasket har da zobban ramin fulogi. Kankare ragowar gam da abu na roba ko katako, goge fuskokin biyu har su bushe, babu ɗigon mai. Zaunar da sabon a cikin kwarin murfin, ka bi shi da yatsa kewaye. Gam kuwa ɗigo kaɗan ake sawa, kamar ƙwayar wake, a wuraren da ƙarfe biyu suka haɗu, wato inda murfin taimin ya gamu da kan silinda da kusurwoyin da gasket ya lanƙwasa.

Nan ne nake yawan faɗa da makanikai. Sai ka ga an lafta jan gam kewaye da murfi kamar ana shafa wa burodi bota, wani ma ba ya sa gasket ɗin sam. Abin da ya fito waje kana ganinsa. Irinsa ya fito ta ciki, kuma wannan zai gutsure ya gangara kwanon mai ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Injuna da yawa da aka ce sun buga "haka kawai", in an buɗe, jan gam ake tararwa cunkushe a rariyar.

Mayar da murfin a miƙe, ɗaura duk notocin da yatsu, sannan ka bi su daga tsakiya zuwa gefe, wannan ɓangare da wancan, zagaye biyu ko uku. Ƙarfinsu wajen 10 Nm ne kawai, abin da wuyan hannu zai iya. Matsewa da yawa tana murƙushe robar ko ta karya notin a ciki. Ba gam ɗin aƙalla awa biyu kafin ka tayar, in ya kwana ya fi.

Mataki na 9: Aikin da sai makaniki

Botom filet: da damina, ramukan da ruwa ya rufe da tudun rage gudu suna dukan kwanon ya loɓa ko ya tsage. Kwanon motoci da yawa ba shi da gasket tun daga kamfani, gam na musamman mai launin toka ko baƙi ake ja masa siriri, a haɗa cikin 'yan mintuna, a jira ya kama kafin a zuba mai. Tunda an buɗe, ka ce a nuna maka rariyar a wanke ta. In kwanon ya loɓa sosai a canza shi, domin loɓawar tana iya matse bakin rariyar. Sabulu ko gam mai haɗi biyu da ake liƙawa a tsaga, na kai mota gareji ne kawai.

Sil ɗin gaba: sai an cire fanbel da fuli. In motarka bel ɗin taimin take amfani da shi, kamar Accord V6, kuma mai ya jiƙa shi, a canza shi tare, don mai yana cin roba, kuma tsinkewarsa a wannan injin tana lanƙwasa bawul.

Sil ɗin baya: sai ka tabbatar duk saman injin a bushe yake, man kuma daga cikin mahaɗar yake fitowa, kuma baƙin mai ne ba jan man giya ba. Aikin yini ne cur ko biyu. A mota mai kuloci, a duba faifan kulocin tunda an riga an sauke. A otomatik, a canza sil ɗin gaban giyabos a lokaci guda, don kada a biya kuɗin saukewa sau biyu. In naso ne kawai, geji ba ya motsi tsakanin juye da juye, ni shawarata ka bar shi kana sa ido har wani aikin ya sa a sauke giyabos.

Ku yi ciniki kafin a fara, ku raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ka ce a ajiye maka tsohon abin da aka cire. Ka faɗa da ladabi: "Oga, ba rashin yarda ba ne, ina so in ga yadda ya lalace."

Hattara: za a ba ka shawarar zuba oyil tiritmen, wato ruwan gwangwani da ake ƙarawa cikin mai, ko komawa mai mai kauri don yoyo ya tsaya. Ɗigon zai ragu na ɗan lokaci, tsagar tana nan, kuma injunan da ke da VTEC ko takwaransa na Toyota, VVT-i, suna da ƙananan hanyoyin mai da ba sa son kauri. Tsaya kan lambar man da aka rubuta a murfin zuba mai ko littafin motar.

Mataki na 10: Gwaji bayan gyara

Cika mai zuwa alama. Tayar da inji kana kallon jar fitilar. Ya kamata ta mutu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, in ta wuce haka kashe. Bar shi ya yi zafi kana haska wurin da aka gyara. Ɗan hayaƙi da wari na rabin awar farko ragowar man da ya zuba kan salansa ne ke ƙonewa. Kashe, jira minti goma, sake duba geji, don sabuwar filta tana shanye wani abu.

Sake wanke duk inda tsohon mai ya taɓa, in ba haka ba ragowar za ta yi ta ɗiga kwanaki ka ɗauka gyaran bai yi ba. Tsohon man da ka tara, zuba shi a galan ka kai gareji, akwai masu saye. Kada ya shiga kwata, kwatocin Legas a lagun suke ƙarewa, wanda ya zube a ƙasa kuma a rufe shi da yashi a kwashe kafin ya kayar da mai babur.

Shimfiɗa sabon kwali dare uku a jere, ka ci gaba da duba geji kowace safiya har mako biyu. In kwalin ya kwana uku a bushe, geji kuma yana inda ka bar shi, sai ka mayar da murfin robar ƙasan injin da ka ajiye tun a mataki na 3, da duk maɓallansa, kafin ruwan sama na gaba.